Takardar Juyi ta Gado na Shida

Sabuwa ta cusa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗar tsohuwar, ɗayan a ƙugunta, ta tokare gwiwa da ƙarfen gado, ta ja da iya ƙarfinta. Tsohuwar ta ɗan ɗago, ta yi nishi, ta koma yadda take. Iya mai gado na shida mace ce da Allah ya yi wa jiki, ga ɓarinta na dama ya shanye, ko yatsa ba ta iya motsawa ta taimaki mai juya ta. Ita kuwa sabuwar nas ɗin, in aka taso da iska mai ƙarfi sai an riƙe ta.

"Bari in kama miki ƙafafun," in ji 'yar Iya, tana ƙoƙarin miƙewa da cikinta na wata takwas.

"Zauna, Yaya, don Allah. Kada mu ƙare da majinyata biyu."

Doka ce a ɗakin mata: wadda ba ta iya motsi ana juya ta duk bayan awa biyu, nas biyu ke yi, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, in ba haka ba fatar baya ta mutu ta zama gyambo. Akwai takarda rataye a ƙarshen gadon, mai gida-gida, inda su biyun ke sa hannu. Yau kwana uku gidajen safe babu komai a cikinsu. Sabuwa na wata na biyu cikin ukun gwajinta, kuma tun ranar farko shugabar ɗaki ta faɗa mata cewa gyambon da ya fara a gadon nas, a wuyan nas ɗin yake, kuma ba a riƙe irinta.

Ranar Litinin abin ya samo asali. Likita na zagaye, ya tsaya a gado na uku ya tambaya ko an yi allurar ƙarfe takwas. A katin an sa hannu cewa an yi. Sabuwa, da zuciya ɗaya, ta ce, "Ba a yi ba, likita, ga kwalbar can a tire ba a fasa ba." Sa hannun na Sista Mai Tabarau ne, wadda ta shekara ashirin a ɗakin. Likitan ya dube ta, ya ce a yi yanzu, ya wuce gado na huɗu. Shi ya manta kafin ya kai ƙofa.

Da ma zaginta sauran nas-nas suka yi, da ta huta. Amma babu wadda ta ɗaga mata murya. Suna gaishe ta da fara'a, sun sa mata suna Malama, in ta ce a kama mata sai a ce, "Ina zuwa." Wannan "ina zuwa" ita ce ba ta iso ba har yau Alhamis. Jiya da ta leƙa ta ƙarƙashin zanin gado ta hango jan tabo a kwankwason Iya, kuma tun daga lokacin abinci ya daina yi mata daɗi.

Ta gyara wa tsohuwar matashi, ta nufi ɗakin magani. A can ta tarar da wata nas, Amarya, tana jera sirinji. Shekararta shida da aure da 'ya'ya biyu, amma sunan ya ƙi barinta.

"Anti Amarya, don girman Allah, minti biyu. Ƙarfe goma ta wuce, ban juya gado na shida ba."

Amarya ta leƙa ƙofa, sannan ta rage murya. "Ke yarinya, ba ni da matsala da ke. Amma ni ma ina da majinyata masu nauyi. In na kama miki yau, gobe wa zai kama mini?"

"To me na yi? Gaskiya na faɗa."

"Wa ya ce ƙarya kika yi? Ita Mai Tabarau haka take aikinta tun kina goye. Ta fara sa hannu a katuna, sannan ta bi gadaje da allura. Ran nan aka kira ta wajen mai amai, likita ya shigo da wuri. Da kin ja ta gefe, da kin yi shiru minti biyar."

"Likita ne ya tambaya."

"To je ki kira likitan ya juya miki majinyaciya." Amarya ta rufe akwatin sirinjin. "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Je ki ba ta haƙuri, ki ceci bayan tsohuwar nan da aikinki."

Sabuwa ta tsaya ita kaɗai tana kallon kwalabe. Haushi ya cika ta. Shekara uku ana koya mata a makaranta cewa abin da ba a yi ba ba a rubuta shi, ta ci jarrabawa a kan haka, an tafa mata. Babu malamin da ya taɓa faɗa mata cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗayan hannun na wadda ka kunyata ne. Ta wanke fuska a famfo, ta fito.

Mai Tabarau na zaune a teburin nas-nas tana rubutu, wasu biyu na gefenta. Sabuwa ta rusuna.

"Sista, na zo ba ki haƙuri."

"Ni? Malama, me kika yi mini?" Ba ta ɗago ba.

"Na yi miki rashin kunya ranar Litinin."

"A'a, ban ga rashin kunya ba. Cewa kika yi ba a yi allura ba." Sai yanzu ta dube ta ta saman tabarau. "An yi ko ba a yi ba?"

Sauran biyun sun daina abin da suke yi. Daga nan ana hango ƙafafun Iya ƙarƙashin bargo, a inda suke tun asuba.

"An yi, Sista. Ni ce na yi kuskure. Wata kwalbar na gani."

"To, ai ɗan Adam ajizi ne." Mai Tabarau ta rufe biro ta miƙe. "Ɗauko safar hannu, ƙanwata. Mu je mu ga tsohuwarki."

Abin da ya ƙara wa Sabuwa takaici shi ne matar ta iya aiki. Ta ja labule, ta ce da mai cikin ta ɗan jira a waje, ta sunkuya ta yi wa Iya magana a kunne kamar uwarta. Ta naɗe zanin gado a hannu, ta nuna wa Sabuwa inda za ta riƙe, ta ƙirga uku. Tsohuwar ta juya a hankali, ko nishi ba ta yi ba. Abin da ya gagara kwana uku bai ci daƙiƙa goma ba.

Suka ɗaga rigar. Jan tabon jiya ya fashe. Fatar ta saluɓe, faɗin bakin kofi, tsakiyar tana ruwa.

Mai Tabarau ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta tsane da auduga, ta rufe da bandeji tsaf, ta jera matasai a bayan Iya. Sannan ta cire safa, ta zaro takardar juyi daga ƙarshen gadon, ta duba gidajen da ke fayau. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sa hannu, na Talata, na Laraba, na yau. Ta miƙo biron.

"Sa naki kusa da nawa. A katin kuma ki rubuta da gyambon aka kawo ta daga gida, ba a lura ba ne ranar da aka kwantar da ita."

"Sista, ni na karɓe ta. Bayanta lafiya lau yake."

"Na sani. Kina so shugaba ta sani ita ma?" Muryarta babu faɗa a ciki. "Mu nan ba ma tona wa juna asiri. Rubuta, kafin ta shigo."

Iya na kwance fuskarta ga bango, idonta biyu. Bakinta ya karkace tun ranar da ciwon ya same ta, ba ta iya cewa komai. Sabuwa ta karɓi biron. Gida tara ne, ta sa hannu a tara ɗin, sannan ta rubuta layin a kati da rubutunta mai kyau.

Da aka yaye labule, Mai Tabarau ta yi wa 'yar bayani a tsaye, cikin ladabi, cewa uwarta na da ɗan gyambo da ta zo da shi, za a kula da shi, amma nan gaba a riƙa lura a gida. Ta wuce.

Matar ta dafa ƙarfen gado ta zauna. Ta daɗe tana kallon bandejin kafin ta juyo ga Sabuwa, idonta ya ciko.

"Nas, wallahi kullum sai na yi mata wanka na shafa mata mai a baya. Da cikin nan nake yi. Ban taɓa ganin komai ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Yayyena za su ce na bar ta ta ruɓe. Ke kin gan ta ranar da muka zo. Ni ce ban duba da kyau ba?"

Daga can gado na goma sha ɗaya Amarya ta ɗaga murya. "Ƙanwata, in kin gama zo ki kama mini."

Sabuwa ta mayar da takardar juyi mazauninta, ta daidaita ta.

"Yakan faru, Yaya," in ji ta. "Wani lokacin ba a gani."

Ta ɗauki sabuwar safar hannu ta tafi.