Katifar Iska ta Maijidda

Salihu ya kwance ƙaramin bawul ɗin da ke buɗe wa iska hanya, ya hura shi, ya ɗaga shi saitin taga yana leƙa raminsa. Ba ƙura, ba tsatsa. Ya jawo batir ya taɓa wayoyin biyu. Ƙas! ƙarfen ciki ya ɗaga. Ya janye waya, sifirin ya mayar da shi mazauninsa. Lafiyarsa ƙalau.

"To me ke damunka?" ya ce da bawul ɗin.

"Ka gama gaisawa da shi?" in ji Ruƙayyatu daga bakin ƙofa. "In kun gama, ga matarka nan, ita ma tana amsa sallama."

Ruƙayyatu tsohuwa ce, maƙwabciyarsu a wannan lungu na unguwar Tandabawi a Makka, ita ke zama da matarsa Maijidda in ya tafi shagon facin da yake aiki. Ita ta kira shi a waya da azahar ta ce gadon ya sake tsayawa.

Gadon aikin hannunsa ne. Tun da ɓarin jikin Maijidda na dama ya shanye, bakinta ya karkace, kwanciya ta soma cin bayanta. Asibiti kuwa ba wurin zuwansu ba ne. Su biyun hajji ya kawo su suka zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, kuma wanda ba shi da takarda in ya shiga asibiti bai san ta ƙofar da zai fita ba. Da fari shi ke barin aiki ya zo ya juya ta, da hantsi, da azahar, da la'asar, har maigidansa ya fara ɗaure fuska. Sai ya zauna ya yi dabara. Ya yanyanka robobin cikin tayar babur ya liƙe bakunansu, ya jera su ƙarƙashin shimfiɗa, ya raba su layi biyu, kowane layi da tiyonsa da bawul ɗinsa na lantarki. Tsohuwar kwamfiresa na tara iska a bayan ɗaki. In agogo ya ba bawul wuta, sai ya buɗe, layi ɗaya ya kumbura, ɗayan ya sace, nauyin jikinta ya koma wani wuri. Abin ya yi aiki, gyambon ya fara kamewa. Salihu ya daina zuwa da rana. Mutum ne da in ƙarfe ya ɗauke masa wani nauyi, ba ya waiwayawa ya ga me ya tafi tare da nauyin.

Amma kwanan nan kullum sai gadon ya tsaya. In wuta ta yanke wa irin wannan bawul, rufewa yake yi, shimfiɗar ta sandare a yadda take. Ya zargi danshin iska, ya sa abin tace iska. Ya zargi bawul, ya sayo sabo. Kullum dai waya yake tararwa ta fita daga mazauninta, ya ce girgiza ce, jiya har ya naɗe ta da baƙin salatif.

"Yaya, kama mini ita in duba bayan," ya ce.

Suka karkata ta. Ya ɗaga zanen. Wurin da ya kame ya sake buɗewa, ya yi ja, tsakiyarsa ya soma duhu. Ya san irin wannan. In ya zurfafa ya kai ƙashi, ba man shafawar da zai tare shi.

"Gobe ne fa tafiyar Mina," ya ce a hankali. "Maigidana Bandar ya sa sunana cikin masu gyaran na'urorin sanyaya tantuna. In na shiga ba fita sai alhazai sun watse."

"Ka ce masa halas, ba ka zuwa."

"In ci me? Shagon ma rufe shi za a yi, rusau ya iso layinmu. Aikin Mina ne abincin gidan nan har baɗi. Ke kuma ba ki iya juya ta ke kaɗai."

"Ni da bayana yake kamar tsohuwar tabarma? Wallahi ko tulu ba na ɗagawa." Ta gyara mayafinta. "Amma kai, Salihu, da idonka kamar na mai gyaran agogo, ka duba ƙarfe, ka duba roba, ka duba iska. Hannun matarka fa?"

"Hannunta kuma?"

"Na hagu. Mai rai. Ni dai na tafi ɗora tukunya."

Ta fita tana jan takalmi.

Salihu ya kamo hannun. Ya rame, ya yi sanyi. A ƙarƙashin farcen babban yatsa da manuni akwai baƙin danƙon salatif. Ya dubi gefen gadon, inda ya ɗaure akwatin bawul ɗin da kansa, daidai inda hannun ke sauka in ta miƙa shi. Ya daɗe a tsugune. Mace mai rabin jiki ta ɗauki awa nawa tana ɓantarar salatif da yatsa biyu, shi yana can yana zagin masu ƙera bawul.

"Maijidda," ya ce. "Ke ce?"

Ba ta kawar da ido ba.

"Kin san abin da kike yi wa kanki? Kin ga bayanki? Ruɓewa zai yi! So kike a zo a ɗauke ki a motar asibiti, ni a tusa ƙeyata Kano, ki mutu a hannun waɗanda ba su san sunanki ba?"

Magana takan yi mata wuya, sai ta tattaro ta kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

"In... ya tsaya," ta ce, "kana... zuwa."

Gaskiya ta faɗa. Tun da gadon ya fara aiki, sai bayan isha yake shigowa, ya tambayi Ruƙayyatu ko ta ci, ya saurari ƙas-ƙas ɗin bawul, ya kwanta a ƙasa. Ya manta ranar da ya sa hannu ya ɗaga ta ba don duba ciwo ba.

"Baban... Ikhlas," ta ce, sunan 'yarsu da suka binne a nan Makka tun tana goyo. Ta fi shekara ba ta kira shi haka ba.

Ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarta, ɗaya a ƙugunta, ya juya ta yadda ya saba da can, ya wanke ciwon, ya shafa magani, ya gyara mata filo. Ta lumshe ido. Ya bar tafinsa a bayanta har numfashinta ya daidaita.

Sannan ya tashi ya ɗauki sukundireba. Ya kwance akwatin daga gefen hagu, ya zagaya da shi gefen dama, gefen da ba ya motsi. Ya ja tiyo, ya bi da wayoyin ta ƙarƙashin gado, ya ɗaure su tam da ƙarfen ƙafa. Tana kallonsa. Bai yarda sun haɗa ido ba. Ya mayar da bawul, ya kunna. Ƙas! Iska ta shiga, shimfiɗar ta ɗaga ta a hankali.

Hannunta na hagu ya sauka gefen gado yana lalube. Ya bi ƙarfen, ya dawo, ya sake bi. Ba komai a wurin.

Salihu ya ajiye sukundireban, ya zagayo ya zauna a ƙasa, ya sa wuyan hannunsa a inda take lalubawa. Yatsun suka same shi, suka damƙe da ƙarfin da bai san tana da sauransa ba. Ya bar mata. Motar Mina sai da asuba za ta tashi.