Shingen Kwanar Hanyar Konduga

Injiniya Rahmat ce ta zana shingen ƙarfen da aka kafa a wata muguwar kwana a hanyar Konduga, inda motoci suka sha faɗawa rami. Da gangan ta sa aka yi shi mai lanƙwasa, domin in mota ta doke shi ya shanye ƙarfin dukan, na ciki su tsira. Fili kawai yake buƙata a bayansa.

Filin nan kuwa mata masu sana'a suka gani, suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Rahmat ta je ta sami babbarsu, Ya Gumsu mai suyar kifi, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ya Gumsu, don Allah ku matsa baya. In aka bugi ƙarfen nan, har inda kike zaune zai iso."

"'Yata, da can ba komai tsakaninmu da motoci," in ji tsohuwar. "Yanzu da muka sami kariya za ki kore mu?"

Rahmat ta kai magana ofis. Aka kori matan, bayan kwana biyu suka dawo.

Wata ranar Laraba da hantsi birkin wata motar gawayi ya tsinke a kwanar. Shingen ya lanƙwashe kamar yadda aka tsara, direban ya fito ko ƙwarzane babu. Amma ƙarfen ya danne ƙafar Ya Gumsu, sai da aka yanke ta daga gwiwa.

A ofis shugabanta, Injiniya Pindar, ya ce ta kwantar da hankalinta, shinge ya yi aikinsa. Da la'asar ta tafi asibiti dubiya, tana tsammanin zagi.

"Kin faɗa mini," Ya Gumsu ta ce, idonta a rufe. "To ina za mu zauna? Nan ne motoci ke rage gudu."

Da aka zo gyara, Rahmat ta sa aka zuba katangar kankare a wurin. Ta san kankare ba ya ja da baya: matan za su tsira, direban da ya doke shi kuwa sai yadda Allah ya yi. Pindar ya yi ta ja da ita kafin ya sa hannu.

Tun daga lokacin, ko a rediyo ta ji an ambaci hatsari a hanyar Konduga, sai ta kasa cin abinci har sai ta ji a ina ne.