Hoton Atine Ya Ƙi Miƙewa

Tsoho mai hoto ya ɗaga dutsen guga, ya ga gefen takardar hoton ya ƙone, fuskar yarinyar ta tsage daga goshi zuwa haɓa. Ya ja tsaki ya wurgar da ita kan ta farko, wadda ta manne wa jaridar da ya danne ta da ita.

Shekaru rabonsa da shiga ɗakin duhun wanke hoto da ke bayan shagonsa a Anka, tun da kowa ya koma waya. Amma da hantsi wata mata, Zuhura, ta iso daga Bukkuyum, inda suka koma bayan barin ƙauyensu Sunke. Ta ce ya taɓa ɗaukar hoton ɗiyarta Atine ranar Sallah, wata biyu kafin gubar dalma ta yi ajalinta. Da ƙyar ya tono fim ɗin a ƙasan akwati. Takardar hoto uku kacal ta rage masa, duk ta tsufa, da ta bushe sai ta kanannaɗe.

Ta ukun ya lallaɓa ta. Ya tsane ruwan da soso, ya shanya ta a inuwa, ya sauke da sauran danshi, ya sa tsakanin farin ƙyalle biyu, ya ɗora katako da bulo.

"Sai gobe," ya ce wa Zuhura. "In na ɗaga yanzu, aikin banza na yi."

"Baba, motarmu da la'asar taka tashi. Ka san hanyar nan ba a bin ta da marece."

"Ki kwana mana."

"Wurin wa?"

Ya zauna yana huci, yana kallon bulon kamar zai sa shi sauri. Da aka kira sallar la'asar ya ɗaga katakon. Hoton ya kwanta na ɗan lokaci, sannan kusurwoyinsa suka fara tashi a tafin hannunsa.

"Kin gani ko? Ba ya shiga gilashi haka."

Zuhura ta karɓa. Ta daɗe tana kallon yarinyar mai ɗan kunne ɗaya da takalmi a juye. Sannan ta fara naɗe hoton a hankali.

"Ba ni da bangon kafa shi, Baba. Mu tara muke ɗaki guda."

Tsoho ya buɗe baki zai ce hoton zai tsage, sai ya fasa. Ya shiga ciki ya yanko guntun bututun roba daidai tsawon hoton, ya goge cikinsa da bakin rigarsa, ya miƙa mata.