Takalmin Hagu a Durowar Mama

Ma'aikatan jirgin sama suna da wata dabara in sun sauka a otal: su kulle fasfo tare da takalmin aiki ƙafa ɗaya a akwatin ajiya. Ba mai fita da takalmi ƙafa ɗaya, don haka ba mai manta fasfo.

Auta, ma'aikaciyar jirgi, ta dawo gida a gajiye liƙis. Abokan aikinta sai ajiye aiki suke yi, wata ta buɗe shagon turare, wani ya koma tuƙin tasi, sauran kuma kullum ba lafiya. Duk jirgin da aka rasa mutum, sai a ce a kira Auta. Gobe ce kaɗai ranar hutunta.

Ta tarar da Mama a falo, ta sakar mata murmushin aiki, ta gaishe ta kamar fasinja.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe. Shayi ko kofi?"

"Ke, ni ce na haife ki," in ji Mama. "Wuce ki kwanta."

Ido rabi a rufe, Auta ta jefa fasfo da takalmin hagu a durowar Mama, ta murɗa makulli, ta faɗa gado da kayan aiki.

Da safe waya ta yi ƙara. Madam ce, mai raba musu aiki.

"Auta, taimaka min, mutum biyu ba su zo ba. Taho yanzu."

Auta ba ta iya cewa a'a ba. Ta zura takalmin dama, ta ɗingisa zuwa durowa. A kulle.

"Mama, ina makullin?"

"Wa ya kulle?"

"Ni."

"To, tambayi kanki."

Ta zazzage jaka, ta ɗaga katifa, har firji ta leƙa. Waya ta sake ƙara, Mama ta riga ta ɗauka.

"'Yar nan, Auta dai ƙafa ɗaya gare ta yau. In kuna ɗaukar masu tsalle, sai in turo ta."

Madam ta ja dogon numfashi, ta ce za ta nemi wata.

Auta ta durƙusa tana leƙa ƙarƙashin kujera. Nan barci ya kwashe ta, kunci a kan kafet. Mama ta cire mata takalmin dama, ta lulluɓe ta, ta ƙara ɗaure makullin a haɓar zaninta.

Sai la'asar Auta ta buɗe ido. Mama na tsaye a kanta da faranti, tana murmushi har kunne.

"Mun sauka lafiya, ranki ya daɗe. Shayi ko kofi?"