Ranar Buɗe Kabarin Stamatis

…kuma ba ni na ce a yi ba, Stamatis, maigidana, al'ada ce. Shekaru sun cika, a buɗe kabari, a wanke ƙashi da ruwan inabi, a sa a akwati. Ga kwalbar a hannuna. Lefteris mai haƙa sai tari yake, shebur na shiga, na fita…

In ƙashi ne fari tas, an yafe maka. In kuwa kana nan yadda muka sa ka — a'a. Ba da bakina ba.

Uwarka dai. A ƙofar coci, furen aure na kaina, ta yi maka baki: "'Yar makiyayi ka kwaso min? Kada ƙasa ta ci ka." Har ta mutu ba ta janye ba. Na kai mata miya tana jinya, na ce Inna, ko kalma ɗaya — ta juya wa bango fuska. Fada Thanasis ya ce rahamar Almasihu ta fi bakin tsohuwa. To me ya sa yake tsaye da kaskon turare, ya ƙi leƙa ramin?

'Yarka kuma, Fotini, da littattafanta. Labarin wani matacce mashayin jini, wai kyakkyawa, ba ya tsufa, ba ya ruɓewa, sai kukan kaɗaici. "Mama, ni tausayi yake ba ni." Tausayi? Na ce ke, wanda ƙasa ta ƙi shi ne saurayin? Mu ma jinin Almasihu muke sha a coci ran Lahadi, amma Mai shi ne ya miƙo da kansa, ba a wuyan wani muka ƙwata ba. Sai cewa ta yi, "Ke ba ki so a ce Baba bai canza ba?" Na fizge littafin na wurga a murhu. Da ma na yi shiru… Ga ta can jikin itace, ko kallona ba ta yi.

Shebur ya bugi katako.

Ya Uwar Almasihu, ki sa a tarar ƙashi ne. Ƙashi, ƙashi… Tabon nan na haɓarka, hagu yake ko dama? Tun safe nake lalubensa a raina. Hoton ya dushe. Muryarka ma ta tafi, ban san yaushe ba.

Suna ɗaga murfin. Bakina na cewa ƙashi. To wace ce wannan a cikina take miƙa wuya, tana son ganin fuskarka ko sau ɗaya — ko da la'anar ce ta adana min ita?