Mai Goge a Kan Ganga

Wiebe na hawa gangar giya ta katako ke nan hannunsa na dama ya fara karkarwa. Ya danne shi da cinya.

"Na gani," in ji Malama Marijke daga bakin labule. Ita ke shirya taron, kuma da ido take aiki.

Kowace kaka, ranar bikin girbi, mutanen ƙauyen kan sa kayan kakanninsu su shiga cikin ƙaton firam irin na hoto a zauren taro, su kwaikwayi tsohon zanen nan da ke rataye a bango: manoma a gidan giya, ana sha ana rawa, mai goge a kan ganga. In an ja labule ba mai motsi, ko tari, sai an kaɗa ƙararrawa. Tun Wiebe na da baƙin gashi gangar tasa ce.

"Baba Wiebe, mun yi magana," ta ce. "In hannun nan ya motsa yau, baɗi Douwe zai hau."

"Douwe mai burodi? Ko riƙe goge bai iya ba."

"Ba iyawa ake nema ba. Tsayuwa ake nema."

Douwe na can tsakiyar firam, shi ne mai rawa, ƙafa ɗaya a sama da takalmin katako. Ya yi murmushi bai sauke ƙafar ba. Fasto kuwa tuni ya miƙe a ƙarƙashin tebur, shi ne wanda giya ta kayar. Bara har minshari aka ji.

Geertje, matar Wiebe, ta gyara farar hularta, ta rungumi tulun da aka ba ta.

"Tsoho, yi kamar na tambaye ka ina ka kai almakashina," ta ce. "Nan take za ka sandare."

Ya sa gogen a ƙarƙashin haɓa, ya ɗaga sandar gogawa dab da tsirkiya, yadda take a zanen.

Aka ja labule. Zauren ya cika, har da 'yan birni masu ɗaga waya.

Da fari hannun ya yi biyayya. Sai yatsu suka fara rawa, wuyan hannu ya karɓa. Sandar ta taɓa tsirkiya, ta yi ƙiii kamar ƙyauren garke. Wata yarinya ta tuntsure da dariya. Wiebe ya ji idon Marijke a ƙeyarsa. Ganga dai ta tafi, ya sani. Abin da ya rage shi ne yadda zai sauka.

Ya ja sandar har ƙarshe.

Kiɗan yankan ciyawa ne, wanda ubansa kan yi bayan an gama tatsar shanu. Hannun da ba ya iya kai kofi baki ya miƙe sak, ko gezau. Douwe ya daure, ya daure, zufa na bin wuyansa, sannan takalmin katakon ya sauka daram a kan daɓe, daidai da kiɗan. Geertje ta ajiye tulu ta kamo hannun Douwe. Fasto ya buɗe ido ɗaya, ya fara buga ƙafar tebur. Wanda aka ba ƙararrawa yana ta kaɗawa, ba mai ji.

Bayan an watse, Marijke ta same shi zaune a gefen dandamali, Geertje na zuba masa kofi.

"Ka ɓata mana hoto," ta ce.

Ya nuna zanen da haɓa. "Shi mai zanen, kina zaton shiru ya tarar da su?"

Ta dubi bangon. Ɗankunnenta ɗaya ya faɗi wajen rawa, ba ta sani ba, kuma ba wanda ya gaya mata.

"Baɗi Douwe ne a kan ganga," ta ce.

"Na ji."

"Kai kuma ka zauna bayan labule. In an kaɗa ƙararrawa, ka fara. Ba kafin ba, Baba Wiebe."

Ta wuce. Ya ɗauki kofin, kofin ya shiga kaɗawa a kan faranti, rabi ya zube masa a wando. Geertje ta karɓe ta kai masa baki.

"Sha," ta ce. "Na ce ka sandare, ka sa ni rawa da mai burodi."