Iyakar Hannun Mama

Injiniya ba injiniya ba ne. Tayil yake sayarwa a wani shago kusa da tasha, amma tun da ya fara maƙala tef ɗin awo a ƙugu ƙannensa suka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Irin mutumin nan ne da in ka yaba ɗaki zai ce maka bangon hagu ya karkace da inci ɗaya.

Da aka yanke shawarar Mama ta dawo gidansa da zama, ya bugi ƙirji ya ce shi zai yi mata kabad ɗin kaya na jikin bango, tun daga ƙasa har silin. Sau uku ya auna bangon. Ya auna bayan ƙofa, ya auna inda soket yake, ko ɗan tudun simintin da ke kusurwa bai tsira ba. Ya zana komai a bayan kwalin tayil ya kai wa kafinta.

Kafinta ya dubi zanen, ya ji abin da ke aljihun Injiniya, ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, kuɗin nan ba za su ɗauki duka ba. Ko ƙofofi masu madubi, ko durowa huɗun nan na ƙasa."

"In an cire durowa fa?"

"Sai ƙasa ya zama wurin akwati da takalma, kantocin kaya su koma sama. Mai ɗakin doguwa ce?"

"Yi madubin kawai," in ji Injiniya.

Ya ji tambayar sarai. Hankalinsa ne ya riga ya tafi kan hoton da zai tura wa ƙannensa.

Hoton kuwa ya yi aikinsa. Auta, ƙanwarsu ta ƙarshe, ta bugo waya tana ihu: "Kai Yaya, sai ka ce otal!" Matarsa ta jera kayan Mama a kantoci, kala-kala. Mama ta shafa madubin ta ce Allah ya yi albarka.

Bayan wata biyu Auta ta zo gaisuwa, ta ja shi gefe ta ce duk zuwan da ta yi zannuwa biyu take gani a jikin Mama. Ran Injiniya ya ɓaci. Tana fita ya faɗa ɗakin.

"Haba Mama! Kaya cike da kabad, amma kullum waɗannan biyun? So kike a ce ba na kula da ke?"

"Su ne masu daɗin jiki," in ji ta, idonta a ƙasa.

Ya fita yana gunaguni a kan tsofaffi da taurin kai.

Ranar Asabar da hantsi ya dawo ɗaukar makullin sito da ya manta. Yana shiga falo ya ji tim daga ɗakin Mama. Ya same ta zaune a ƙasa, tsohon bokitin fenti ya gangara gefe, sandar goge-goge a hannunta, shuɗiyar atamfa na reto daga kantar sama.

"Ba komai," ta riga shi. "Zama na yi."

"A kan bokiti kika hau?"

"Auta za ta zo anjima. Na ce bari in sauya, kada a ce ba ka kula da ni."

Maganarsa ce ta dawo masa, ba ragi ba ƙari. Kunya ta kama shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ya ɗaga ta ya zaunar a bakin gado, ya duba idon sawunta da ya fara kumbura. A madubin da ya zaɓa yana ganin kansa tsugune, tef ɗin na ƙyalli a ƙugunsa.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka kashe kuɗinka, kana ta murna. In ce me?"

Da ta ɗan huta ya tallafe ta zuwa jikin bango, ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Mama, ɗaga hannunki. Iya inda zai kai."

Ta yi 'yar dariya. "Yau kuma ni za a auna, Injiniya?"

Ta ɗaga. Hannun ya hau a hankali, ya zo daidai kafaɗarta, ya tsaya yana rawa. Injiniya ya jira ya ƙara sama. Bai ƙara ba.

"Iyakarsa ke nan, tun bara," ta ce.

Ya ja layi da fensir. Layin bai ko kai aljihun rigarsa ba. Ya kira kafinta a waya ya ce ya zo ya cire ƙofofin, a sayar, a yi durowa. Da kafinta ya nemi awon, sai Injiniya ya juya ya dubi layin. Mama ce ta karɓi wayar.

"Zo ka gani da idonka, ɗana," ta ce. "An rubuta a bango."